Wa Ya Shayar da Mutum 42,000 a Bikini?

Tambaya: Malam, na ji an ce Amurka ta taɓa gwada bam ɗin nukiliya a teku. Waɗanda suka yi aikin, a ina suka zauna, kuma ina suka samu ruwan sha a tsakiyar ruwan gishiri?

Amsa: Gwajin da kake nufi shi ne na tsibiran Bikini a tekun Pasifik, a Yulin 1946, ƙarƙashin Admiral William Blandy. An kwashe mazauna wurin su 167 zuwa tsibiran Rongerik, aka shigo da mutum kusan 42,000 da jiragen ruwa fiye da 240. Sama da 90 daga ciki an jera su ne don bam ya faɗa musu. Ragowar su ne gari: nan ake kwana, nan ake girki, nan asibiti yake. Abinci da mai duk daga nesa ake jigilarsu. Har dabbobin gwaji, awaki da aladu da ɓeraye, jirginsu daban, Burleson.

Ruwan sha kuwa daga tekun ake ɗebo shi. Jiragen suna da injin da ke dafa ruwan gishiri, ya tara tururin ya koma ruwan daɗi. A nan gizo ke saƙar.

Bam na farko, ranar 1 ga Yuli, a sama ya fashe, gubarsa ta bi iska. Na biyu, ranar 25 ga wata, an rataye shi mita 27 a ƙarƙashin ruwa. Da ya tashi, ya watsa gurɓataccen ruwa a kan jiragen gwajin, ya gurɓata tafkin gaba ɗaya, wato ruwan tekun da tsibiran suka kewaye. Jiragen tallafi, waɗanda mutane ke zaune a kai, suka koma ciki suna zuƙar wannan ruwa. Burbushin nukiliya ya maƙale a bututunsu da injinan tacewa da gansakukar da ke jikinsu.

Aka sa matuƙan jirgi wanke jiragen gwaji da buroshi da sabulu, da yawansu babu kayan kariya. A ganina wannan shi ne babban gangancin aikin, domin na'urar Geiger ta auna gubar nukiliya da suke yawo da ita ba ta iya gano fulutoniyam, sinadari mai guba da aka haɗa bam ɗin da shi. Sai da likita Stafford Warren ya nuna wa Blandy hoton wani kifi na tafkin, wanda gubar jikinsa kaɗai ta zana siffarsa a kan fim, kafin aka dakatar da wankin ranar 10 ga Agusta. Aka ja jiragen da suka rage zuwa tsibiran Kwajalein, gwaji na uku kuma aka soke shi.