Amsa Kan Haɗarin Motocin Cobra na Kwaikwayo

Malam, ka tambaya ko laifin haɗurran motocin Cobra na kwaikwayo, wato waɗanda ake ƙerawa da siffar tsohuwar motar gudu ta Cobra, yana kan ƙirar motar ne ko kan direba. A ganina, kaso mafi girma na direba ne, amma ƙirar ma tana da hannu.

Cobra 427 ta asali, wadda Carroll Shelby, Ba'amurke mai ƙera motocin tsere, ya fitar a 1965, tana da injin V8 (mai silinda takwas) mai girman lita 7 a jikin motar da nauyinta bai fi tan ɗaya da kaɗan ba, kuma tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya inci 90 ce kacal. Masu kwaikwayonta sun riƙe wannan tsari, kuma yawancin motocinsu ba su da jakar iska, ko birkin ABS mai hana tayoyi kullewa, ko na'urar hana santsin taya. Saboda haka idan direba ya taka totur da ƙarfi a kan kwana, musamman tayoyi ba su ɗau zafi ba, bayan motar yakan juya kafin ya ankara.

Kafin ka hau titi da irin wannan mota, nemi horo a filin tsere, sannan ka sa ƙwararren makaniki ya duba walda da birki, domin da yawa a garejin gida ake harhaɗa su.