Me ya sa ake yabon wasu fayafayan Joe Walsh, ake kushe wasu?

Tambaya: Malam, a ƙungiyar kiɗan Amurka ta Eagles na fara sanin Joe Walsh, kuma kiɗan jitarsa a waƙar Hotel California ya kama ni. Da na bi fayafayan da ya yi shi kaɗai, sai na tarar masu sharhi sun yabi wasu, sun yi wa wasu kaca-kaca. Me ya kawo haka, kuma da wanne zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, ka dubi shekarun da fayafayan suka fito, amsar tana nan. Walsh mutum ne mai raha, har a 1980 ya yi takarar shugabancin Amurka da wasa, yana alƙawarin man fetur kyauta ga kowa. Masu sharhi ba su ƙi wannan barkwanci ba matuƙar kiɗan da ke ƙarƙashinsa yana da ƙarfi.

Bayan ya bar ƙungiyar kiɗa ta James Gang ya koma Kolorado, ya fitar da faifan Barnstorm a 1972. Bai sayu sosai ba, amma masu sharhi sun girmama shi. Na 1973, The Smoker You Drink, the Player You Get, ya kai na 6 a jadawalin Billboard na fayafayan da suka fi sayuwa a Amurka. A cikinsa ne "Rocky Mountain Way" take, inda ya sa wani bututu a baki, jitar ta riƙa magana kamar yadda kalangu ke yi a hannun gwani. So What na 1974 ya fi taɓa ni, saboda "Song for Emma", waƙar da ya yi wa 'yarsa da ta rasu a hatsarin mota a shekarar, ba ta ko cika uku ba. Wanda ya ɗauke shi ɗan barkwanci kawai bai saurari wannan ba.

Ƙololuwarsa But Seriously, Folks... ne a 1978, yana cikin Eagles. "Life's Been Good", wadda a ciki yake tsokanar rayuwar almubazzaranci ta taurarin waƙa, ta kai ta 12, kuma har yau ana sa ta a rediyo.

Daga nan abubuwa suka fara sukurkucewa. Shi da bakinsa ya sha faɗin yadda giya da hodar iblis suka ci ƙarfinsa. The Confessor na 1985 da Got Any Gum? na 1987 sun sha suka, ana cewa rahar tana nan amma waƙoƙin ba su da nauyi, ga sautin na'urorin zamanin ya danne jitar. A ganina an ɗan zalunci The Confessor, don waƙar da faifan ya ci sunanta tana cikin kiɗansa mafi zafi.

Ya daina shaye-shaye wajen lokacin da Eagles suka sake haɗewa a 1994. Analog Man ya zo a 2012, shekara 20 bayan na baya, da hannun mawaƙin Birtaniya Jeff Lynne a ciki, aka karɓe shi da mutunci.

Ka fara da na 1973, ka bi da So What da na 1978. Got Any Gum? ka bar shi sai ƙarshe.