Kada ka mayar da madabod ɗin nan, ba shi ya yi laifi ba

Ɗana, saƙonka ya shigo ana shirin tayar da isha'i a Harami, ban samu zama na amsa ba sai yanzu da na koma masauki. Ka ce kwamfutar da ka haɗa wa yaron nan na Hindawiyya tana tashi lafiya lau, Windows 11 ta hau, intanet na tafiya, wasan Valorant ma ya sauka har ƙarshe, amma da an danna shi sai ɗan akwati ya fito da VAN9003, wasan ya rufe. Ka yi fomat sau biyu bai canza zani ba, kana tambaya ko gobe ka kwance madabod ɗin, wato babban allon da sauran kayan kwamfutar ke jone a kai, ka mayar wa mai shagon da ka saya a titin Khalid bin Walid.

Kada ka kwance ko noti ɗaya. Madabod mai ciwo ba ya raka ka har cikin Windows, ya zuba ido ka sauke wasa sukutum, sannan ya rubuto maka lambar ƙorafi tsaf. In ka kai shi shago za su jona shi a gabanka ya tashi, ka dawo da kunya da asarar kuɗin mota.

Wanda ya yi maka magana Vanguard ne, mai gadin da Riot Games ta haɗa da wasan tun fitowarsa a 2020 don kama masu maguɗi. Shi ba ya jira a buɗe wasa, tare da Windows yake farkawa, shi ya sa bayan an girka shi dole a kashe kwamfuta a kunna. A kan Windows 11 abu biyu yake tambaya a bakin ƙofa, TPM 2.0 da Secure Boot. Na farkon ɗan akwatin sirri ne da ke riƙe makullai, na biyun kuma shi ke hana duk wata manhaja marar sa hannu tashi kafin Windows. In ka ga VAN9001, yawanci TPM yake nema, VAN9003 kuwa Secure Boot. Dukansu a cikin bayos suke zaune, wato 'yar manhajar cikin madabod da ke tashi kafin Windows, fomat kuma faifai kaɗai yake sharewa, bai taɓa leƙa bayos ba. Ko sau goma ka yi, kana shafa magani a ƙafa ne alhali kai ke ciwo.

Abin da nake ta nanata maka tun ranar da ka fara riƙe sukundireba a shagon nan ke nan. Kwamfutar da ta fito daga kwali, akwai wanda ya zauna a kamfani ya kunna waɗannan abubuwa, ya zuba direbobi, ya gwada, kafin ya manna mata suna. Wadda aka haɗa a kan teburinmu kuwa, kai ne kamfanin. Duk abin da ba ka kunna ba yana nan a kashe, yana jiran ranar da zai tona maka asiri.

Kuma ina da wanda nake zargi. Da wane filas ka ɗora Windows? In shuɗin nan ne mai tsagaggen murfi da ke aljihun tebur na biyu, to magana ta ƙare. Ni na haɗa shi da Rufus, manhajar da ake zuba Windows a filas da ita, saboda tsofaffin kwamfutocin ofis da ake kawo mana, na cire masa sharaɗin TPM da Secure Boot, na kuma bar shi a tsohon tsarin faifai na MBR. Da shi Windows 11 za ta hau kan kusan kowace irin jaka ba tare da ta yi tari ba. Ka ga ita an rufe mata baki, Vanguard kuwa ba a rufe nasa ba. Laifina ne ma da ban rubuta a jikin filas ɗin ba.

Gobe kafin ka taɓa komai, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta msinfo32. Layi biyu za ka duba, BIOS Mode da Secure Boot State. In da Larabci ka sa Windows ɗin, layukan na nan, fassara su kawai aka yi. Sai ka sake rubuta tpm.msc ka ga ko an sami TPM, da kuma ko 2.0 ne. Ɗauki hoton duka biyun da wayarka ka turo min.

In BIOS Mode ya ce UEFI, wato sabon tsarin bayos, ka huta. Kashe ka kunna, kana danna Delete har bayos ya buɗe. Tunda furosesan AMD Ryzen 5 5600 ka saka, sunan da za ka nemi TPM da shi fTPM ne. Da Intel ne, da PTT za ka nema. Abu ɗaya ne, kowane gida da sunan da ya raɗa masa. Kunna shi, ka kashe CSM, saitin da ke barin bayos ya yi aiki da tsohon tsari, ka ajiye da F10, ka bari ta tashi, sannan ka koma ka kunna Secure Boot. Akwai madabod masu rainin hankali da za su nuna maka Enabled alhali Windows na cewa a kashe yake, saboda ba a zuba makullan ba. Nemi inda aka rubuta Restore Factory Keys ko Install Default Keys ka danna, ka sake duba msinfo32. Abin da Windows ta gani shi ne gaskiya, ba abin da bayos ya faɗa ba.

In kuwa Legacy ya ce, wato tsohon tsarin, wanda shi nake tsammani, to ka janye hannunka daga CSM tukuna. A nan ne na taɓa ƙonewa. Shekarun baya wani dattijo ya kawo min kwamfutar ɗansa, yana tsaye a kaina riƙe da makullin mota, yana cewa ya bar iyali a ciki. Na yi gaggawa na kashe CSM ban duba faifan ba. Kwamfuta ta tashi ta koma bayos, ta sake tashi ta koma bayos, faifan da ke cike da hotunan auren 'yarsa ya ɓace daga jerin abin da za a tashi da shi. Na ga fuskar mutumin nan ta canza, ni kuma gumi na bin bayana ga na'urar sanyaya ɗaki tana aiki. Babu abin da ya goge. Faifan MBR ne, UEFI zalla kuma ba ya tayar da Windows daga irinsa, sai GPT, sabon tsarin faifai. Na mayar da CSM, komai ya dawo, amma dattijon bai sake tako shagona ba.

Hanya biyu ce. Windows na da wata 'yar manhaja mai suna mbr2gpt tun 2017, wadda ke juya faifai zuwa GPT ba tare da ta share kaya ba. Ana buɗe cmd, baƙar tagar rubuta umarni, da ikon mai gida, wato administrator, a fara da mbr2gpt /validate /allowFullOS, in ta amince a maye gurbin validate da convert. Ba ta yarda in manyan ɓangarorin faifan sun wuce uku, kuma ba na yin ta sai na kwashe kayan mai kwamfuta zuwa wani wuri. Amma kai kwamfutarka fayau take, jiya ka share ta, babu hoton kowa a ciki. Don haka gyara bayos tukuna, fTPM a kunne, CSM a kashe, Secure Boot a kunne, ka haɗa sabon filas da manhajar Microsoft kanta, ka goge duk ɓangarorin faifan ka ɗora Windows daga tushe. Fomat na uku ke nan, na sani, kada ka yi min dariya. Wannan dai ka san dalilinsa.

Abu ɗaya ka riƙe saboda katin hoton da ka ce a Harajin Sawarikh aka samo. Tsofaffin katuna sosai ba sa jin yaren UEFI, da ka kashe CSM sai allo ya yi baƙi ƙirin, ko bayos ba za ka gani ba, 5600 kuma ba shi da nasa hoton da za ka jingina da shi. In hakan ta faru kada cikinka ya ɗuri ruwa. Zare wayar wuta, ka ciro batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ka ba shi 'yan mintoci ka mayar, bayos zai koma yadda ya fito daga kamfani. Bayan nan ka gyara agogo da kwanan wata, domin kwamfutar da ke zaton tana wata shekara daban ba ta yarda da takardun shaidar shafuka, sai ka ga saukewa ta ƙi tafiya kana zagin mai intanet a banza.

Ka koyi wannan da kyau, don ba Valorant kaɗai ba ne. League of Legends ya karɓi Vanguard a 2024, Battlefield 6 da ya fito a 2025 ba ya buɗewa sai da Secure Boot. Tunda aka fara gasar cin kofin duniya ta wasannin kwamfuta a Riyad a 2024, kowane yaro a unguwa so yake a haɗa masa tasa, Windows 10 kuma an janye mata tallafi ranar 14 ga Oktoba 2025. Wannan akwatin ƙorafin za ka riƙa ganinsa kamar kuɗin cefane.

Sauran ƙorafe-ƙorafen ba su kai wannan cin rai ba. In wasa ya ce babu MSVCP140.dll ko VCRUNTIME140.dll, Visual C++ yake nema, ka sauko da shi daga Microsoft, x64 da x86 duka biyun. In d3dx9_43.dll ne, tsohon DirectX na Yunin 2010 ne. Kada ka kuskura ka je shafukan nan masu raba fayil ɗai-ɗai ka jefa a cikin Windows. Sau da yawa daga nan ake kwaso 0xc000007b, an cusa fayil na x86 a gurbin na x64, wani lokacin ma har da ƙwayar cuta a matsayin gyara. Direban katin hoto daga NVIDIA ko AMD za ka ɗauko, na madabod ma haka, kada ka tsaya kan abin da Windows ta tsinto maka. Sunan mai amfani kuma ka rubuta shi da baƙaƙen boko zalla. Na ga wasannin da suka ƙi girkuwa don sunan foldar da Larabci yake, namu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, su ma ba na sa su a nan. In yaron na son ganin sunansa da Larabci, a canza na bisa allo daga baya, folda ta zauna yadda take.

Kuskuren da ya fi wahalar da ni a sana'ar nan ba ya ma zuwa da lamba tsayayya. Kwana uku na yi a kan wata kwamfuta: wasa ya sauka, Steam, manhajar sauke wasanni, ya ce fayil ya lalace, a tantance a sake saukewa, sai wani fayil daban ya lalace. Na canza faifai, na canza waya, na ɗauke ta na kai gida ko intanet ɗin shago ne. Ashe ram ne. Sanda biyu ne ba 'yan gida ɗaya ba, an kunna musu XMP, saitin ƙara wa ram sauri, suna gudun da ɗayan ba ya iyawa, duk abin da ya ratsa ta cikinsu sai ya fito da tabo. MemTest86, mai gwada lafiyar ram, bai yi minti goma ba allo ya cika da ja. Na kashe XMP, wasa ya girku a tashi ɗaya. Tun daga ranar, in kuskure yana yawo, yau nan gobe can, ƙarfe nake tuhuma. In kuma kullum wuri ɗaya yake tsayawa da lamba ɗaya kamar naka, saiti ne. Ka ce sanda biyu na giga 8 ka saka, ka duba suna rami na biyu da na huɗu daga furosesa, yawancin madabod haka suke so, littafinsa zai tabbatar maka. Ka bar MemTest86 ya kwana a kanta kafin ta bar shago.

Duk abin da za ka canza, ɗaya bayan ɗaya, ka gwada, ka rubuta a littafin shago. In ka juya biyar a tare ta gyaru, ba ka san wanne ya yi aiki ba, wani ya zo jibi ka sake lalube.

Yaron kuma ka kira shi da safe ka gaya masa gaskiya, cewa kayansa lafiya suke, saiti ne ya rage daga wajenmu, ya zo bayan la'asar. Kada ka karɓi ko riyal ɗaya a kan wannan, yana cikin kuɗin haɗawa. In Windows ta kulle faifan da BitLocker, ka kwafe masa lambobin nan 48 na buɗe shi a takarda ya adana, ranar da aka sabunta bayos za ta iya tambayarsa. Shuɗin filas ɗin kuma ka manna masa farar takarda ka rubuta "na tsofaffi kawai" kafin na dawo ranar Asabar in Allah ya kai mu. Ina jiran hotunan nan biyu.