Kunun zaƙi da tukunya ɗaya

Tambaya: Anti, amarya ce ni a Daura. Kayana turmi ne da rariya da tukunya ɗaya. Kunun zaƙina kauri yake yi kamar koko, kuma ba ya zaƙi sai da sukari. Ina kuskuren?

Amsa: Ƙanwata, kayanki sun wadatar, gaggawa ce matsalar. Raba ƙullun gero uku, ki dama kashi biyu da tafasasshen ruwa. Ragowar ki haɗa da dakakken tsiron dawa, amma kada ki zuba sai damun ya huce zuwa wajen digiri 60, yadda yatsa zai shiga da ƙyar. Tsiron ne ke mayar da gasara sukari, tafasa kuwa kashe shi take yi. Rufe ya kwana, ki tace da asuba. Da hunturu, ni tsohon bargo nake lulluɓa wa tukunyar.