Zare caja daga soket ko riƙe tsohuwar waya: wanne ya fi taimakon muhalli?

Tambaya: Malam, na ji an ce barin caja a soket ba waya a jikinta yana cin wuta, yana kuma cutar da muhalli. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne, Malama, amma abin bai taka kara ya karya ba. Cajar zamani in ba a jona mata waya ba, wutar da take ja ba ta kai rabin wat. Ki zare ta, musamman in jabu ce mai ɗaukar zafi. Sai dai babbar ɓarnar tana wajen ƙera wayar. Rahotannin kamfanin Apple sun nuna kusan kashi 80 cikin 100 na gurɓatacciyar iskar da iPhone ke jawowa a tsawon rayuwarta ta riga ta fita tun kafin ki buɗe kwalin, daga haƙar ma'adinai zuwa haɗa sassa. Ma'adinin kobal da ake sa wa a batir, kusan kashi 70 na abin da duniya ke haƙowa daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa.

Don haka ki ƙara wa wayarki shekara ɗaya ko biyu. Sau da yawa batir ne ke gajiya, wayar lafiyarta ƙalau. Zafi ne babban maƙiyinsa: kada ki yi caji a ƙarƙashin matashin kai, kada ki bar ta a mota cikin rana. Ki riƙa tsayar da caji tsakanin kashi 20 da 80. Sabbin wayoyin Samsung da iPhone suna da wurin saita hakan. In batirin ya gaji, a canza shi kaɗai.

Tambaya: Kwamfutata Windows 10 take ɗauke da shi, ta ƙi karɓar Windows 11. In sayi sabuwa?

Amsa: Kada ka yi gaggawa, ɗan'uwa. Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10, wato sabunta shi da gyaran tsaronsa, a ranar 14 ga Oktoba, 2025, amma injinka bai mutu ba. In aikinka rubutu ne da shiga intanet, sa a ɗora maka Linux Mint, manhajar da ke maye gurbin Windows, kyauta ne. A kuma cire tsohon ma'ajin nan mai juyawa a sa SSD, ma'aji na zamani mai sauri. A ganina babu gyaran da ke farfaɗo da tsohuwar kwamfuta kamarsa. Ka dai kwashe fayilolinka tukuna.

Tambaya: Ina da matattun wayoyi a durowa. In zuba su a shara?

Amsa: A'a, kada kuma a ƙona su. A 2022 duniya ta tara tan miliyan 62 na tarkacen lantarki, in ji Majalisar Ɗinkin Duniya, kusan kashi 22 kacal aka tabbatar an sake sarrafawa. Ki cire layi da memori, ki goge komai a wadda ke kunnuwa, ki kai wa masu gyara ko cibiyar karɓar irin wannan kaya. Wadda batirinta ya kumbura har ya ɗaga murfi, kada ki matse ta ko ki huda, tana iya kamawa da wuta.