Tsohuwar ƙawata ta yi sanyi, sababbin kuma ba su shiga raina ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Anti. Ni ɗaliba ce a shekarar farko ta jami'a. Ina da ƙawa tun muna firamare, amma tun da karatu ya raba mu ni ce kullum mai kira, ita kuwa sai ta ga dama take amsa saƙona. A nan ina da abokan hira da yawa, sai dai babu wadda zan iya faɗa wa damuwata. Shin ta juya mini baya ne, ko ni ce ban iya zama da mutane ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. A ganina ba ko ɗaya ba ne. Abin da ya haɗa ku tun farko shi ne zama wuri ɗaya, kuna aji ɗaya, kuna tafiya tare kuna dawowa tare, ba tare da wata ta nemi wata ba. Yanzu da wannan ya kau, dole sai an nemi juna da gangan, kuma ba kowa ne ya iya hakan ba, ko da yana ƙaunar mutum har zuci.

Wani malami a Jami'ar Kansas ta Amurka, Jeffrey Hall, ya yi bincike a kan wannan, har da ɗalibai 'yan shekarar farko irinki, aka buga sakamakon a 2018. Ya gano cewa ana buƙatar kimanin awa 50 tare kafin sanayya ta zama abota ta sama-sama, kimanin awa 90 kafin a kira juna aboki, sannan fiye da awa 200 kafin a kai ga aminci. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, zaman aji ko na wurin aiki bai kai lokacin hira da raha tasiri ba. Saboda haka kada ki auna ƙawayen wata uku da ma'aunin ƙawar shekara goma. Kuma ba taro ake nema ba: masanin Birtaniya Robin Dunbar ya ƙiyasta cewa mutum kan iya riƙe hulɗa da mutane kusan 150, amma na jikinsa sosai ba su cika wuce biyar ba.

Ki duba cikin abokan hirar nan, wace ce take lura idan ba ki zo lacca ba, wace ce ba ta kawo miki sirrin wasu? Ki fara da ita. Ki faɗa mata ƙaramar damuwa, ki ga ko za ta tsaya a wurinta, kafin ki ɗora babba.

Tsohuwar ƙawarki kuwa, ki daina ƙirga wa ya kira wa. Ki kira ta da murya, ba saƙo ba, ki ce kina kewarta, ki tambaye ta ko lafiya, domin sau da yawa mai shiru wani nauyi ne ya danne shi, kuma abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Idan ta buɗe miki, ku tsayar da rana ɗaya a wata da za ku riƙa gaisawa. Idan kuma ta ci gaba da ja da baya, ki rage nema ba tare da gaba ba, kuma kada ki kai ƙararta wurin sauran ƙawayenku.