Kai da ɗurin harsashi, tukuna

Wai bindigarka .44 Magnum tana fasa maka tafin hannu, ko ka fara ɗura harsashinka da kanka don ka rage albarushi? Kai yaro, wa ya aike ka? Riƙon libarba, bindigar hannu mai gidan harsashi mai juyawa, kuma ba zan tsaya koya maka ba, ko mai share shagon nan ya san a kama ta can sama, a ƙulle wuyan hannu, a bar shurin ya bi gwiwar hannu ya wuce. Ka sa mata harsashin .44 Special, tana ci, shurinta da sauƙi. Ka yi wata shida a kai.

Maganar ɗuri ce ta tayar mini da tsohon miki. Wani mafarauci a nan Alaska ya kawo mini libarba Smith & Wesson Model 29, na gyara masa kunama, ya biya, ya tafi. Bayan mako ya dawo da ita cikin tsumma. Gidan harsashin nan mai juyawa ya tsage, ƙarfen da ke samansa ya bankare. Ya cika shago da hayaniya wai aikina ne. Na ce wane harsashi ka sa? Ya rantse na kamfani ne, sabo fil daga kwali. Ina ruwan kunama da fashewar ƙarfe? Amma ga masu ciniki tsaye suna kallo, ga suna da na daɗe ina ginawa. Na saya masa sabuwa da kuɗina.

Daga baya abokin farautarsa ya kawo ragowar harsasan in duba. Ɗurin gida ne. Na zare kan guda, albarushi mai saurin ci, an zuba awo biyu a kwanso ɗaya, don irinsa ba ya cika kwanso balle mutum ya lura. Wasu ma bai matse bakin kwanson ba, irin waɗanda shuri ke zaro kansu gaba har bindiga ta cije. Har yau mutumin bai tako nan ba. Kuɗina sun tafi.

Elmer Keith, gwanin bindiga ɗan Amurka, ya yi shekaru yana gwaji kafin kamfanin Remington ya fito da harsashin .44 Magnum a 1955, shi ma sai da wata tsohuwar libarba ƙirar Colt ta fashe a hannunsa. Ku kuwa yaran yanzu, bidiyo biyu a waya, kun zama gwanaye. Ragewar da kake nufi ma, akwai albarushin da ba a rage shi ƙasa da abin da littafin awo ya ce. Ɗauko littafin can bisa kanta, da sikeli. Gobe ka fara da wanke kwansuna.